Lissafin Huda da Ƙulli: Dalilin da Ya Sa Birnin Kano Ke Bukatar Masana Tofoloji

A watan Disamba na shekarar 2024, wasu masana lissafi uku 'yan ƙasar Sin, Weinan Lin da Guozhen Wang da Zhouli Xu, suka fitar da maƙalar da ta rufe wata tambaya da ta gagari masana tun shekarun 1960. Tambayar ta shafi wasu siffofi ne da ke zaune a cikin sarari mai fuska 126. Mu kuwa fuska uku muka sani a rayuwar yau da kullum: tsawo da faɗi da zurfi. Babu idon da ya taɓa ganin fuska ta huɗu, balle ta ɗari da ashirin da shida.

Wanda ya ji wannan labari yana zaune a Jakara ko Mandawari, ruwan damina yana barazana ga katangar gidansa, yana da haƙƙin ya ce: ina ruwan biri da gada? Ra'ayina shi ne akwai ruwansa, kuma ruwan ya fi yadda ake zato yawa. Reshen lissafin da ya haifi wannan sakamako, wanda ake kira tofoloji, shi ne ilimin da ya ƙware wajen bambance sauyin da ake iya mayarwa da sauyin da ba ya mayuwa. Tsohon birnin Kano kuwa a yau yana tsakiyar sauye-sauye iri na biyun, kuma ana yin su ba tare da an auna ba. Don haka nake ganin ya wajaba jami'o'inmu su reni masu binciken wannan fanni, har da masu bin sassansa da ba a ga amfaninsu a fili ba tukuna.

Tulu, gammo da kofin shayi

A ɗauki curin yumɓu a hannun maginin tukwane. Yana iya murza shi ya zama ƙwallo, ya danne shi ya zama faifai, ya zurfafa tsakiyarsa ya zama tulu. Duk wannan lanƙwasawa ce da miƙarwa, bai yaga komai ba, bai kuma manne gefe biyu da suke rabe ba. A idon masanin tofoloji, faifan yumɓu da tulu abu ɗaya ne, domin bakin tulu zurfi ne kawai, ba huda ce da ta ɓulla ɗaya gefen ba. Amma da zarar magini ya yi wa kofi mariƙi, to ya shiga wata duniya. Mariƙin nan huda ce ta gaske, wadda yatsa ke shiga ya fita. Kofin shayi mai mariƙi ɗan'uwan gammo ne, kuma babu irin murzar da za ta mayar da gammo faifai sai an tsinka shi ko an toshe tsakiyarsa.

Tsawo da nauyi da kusurwa duk ba sa cikin abin da wannan ilimi ke dubawa. Abin da ya dame shi shi ne: gida nawa abu ya rabu? Huda nawa gare shi? Wace igiya ce in an kewaya da ita za a iya janye ta, wacce ce za ta maƙale? Ana danganta farkon wannan tunani ga Leonhard Euler, wanda a 1736 ya nuna cewa ba zai yiwu mutum ya bi gadoji bakwai na birnin Königsberg, kowacce sau ɗaya tak, a tafiya guda ba. Hujjarsa ba ta bukaci tsawon ko gada ɗaya ba, sai sanin wace ce ta haɗa ina da ina. A 1895 Henri Poincaré na Faransa ya kafa fannin a kan ƙafafunsa, sannan a tsakiyar shekarun 1920 Emmy Noether ta Jamus ta nuna cewa ya kamata a riƙa ɗaukar hudojin nan a matsayin abubuwan da ake tarawa da ɗebewa kamar lambobi. Daga nan aka sami tofolojin aljabara, wato mayar da tambayar siffa, wadda ido ke iya ruɗuwa a kanta, ta koma tambayar aljabara da alƙalami ke iya warwarewa.

Birni da Waje

Bakano bai bukaci littafi kafin ya fahimci ƙa'idar farko ta wannan ilimi ba, domin a cikinta aka haife shi. Camille Jordan ya bayyana a 1887 cewa duk layin da ya kewayo ya haɗe da kansa ba tare da ya gitta kansa ba, to ya raba fili gida biyu, ciki da waje, kuma babu mai tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya sai ya taɓa layin. Abin da ganuwa ta yi ke nan. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, sarakuna irin su Muhammadu Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa ta. Kowace faɗaɗawa ta sauya tsawon ganuwar da fasalinta, amma ba ta taɓa ainihin aikinta ba. Har yau harshen mutanen gari na riƙe da wannan rabo: akwai Birni, akwai Waje, kuma Fagge, duk kusancinta, a waje take.

Ƙofofi su ne suka sa lamarin ya yi daɗi ga mai lissafi. A ce mutum ya ɗaure bakin wata doguwar igiya a Kasuwar Kurmi, ya riƙe ɗaya bakin, ya fita ta Ƙofar Mata, ya yi yawonsa a waje, ya dawo ta Ƙofar Mata ɗin, ya koma inda ya taso. In ya ja igiyar, za ta taho masa gaba ɗaya. Amma in ya fita ta Ƙofar Mata ya dawo ta Ƙofar Nasarawa, igiyarsa ta rungumi yankin ganuwar da ke tsakanin ƙofofin biyu, kuma duk jan da zai yi ba za ta zo ba. Tafiyoyi biyun nan sun fara a wuri ɗaya, sun ƙare a wuri ɗaya, amma jinsinsu daban. Idan ana iya karkata wata tafiya a hankali har ta koma wata ba tare da an tsinka igiya ba, sai a ce akwai homotofi tsakaninsu. Poincaré ya lura cewa ana iya jera irin waɗannan tafiyoyi, wannan bayan wannan, su ba da wani tsarin aljabara. Abin mamaki a tsarin shi ne jeri yana da tasiri: wanda ya kewaye yankin Ƙofar Mata sannan ya kewaye na Kansakali, igiyarsa ta ƙullu daban da ta wanda ya fara da Kansakali.

Wannan misali yana koya mana wani abu game da ganuwar kanta. An rushe wasu ƙofofi an sake gina su da siminti domin faɗaɗa titi. Masu kula da kayan tarihi suna da hujjar yin baƙin ciki, domin tofoloji makaho ne ga shekarun tubali da hannun da ya ɗora shi. Duk da haka, ƙofar da aka faɗaɗa tana nan ƙofa muddin akwai ganuwa dama da hagunta. Inda aka kwashe ƙasar badala aka yi gini, ko aka yanka ta filaye, nan ne aka yaga. Ƙofar da ta tsaya ita kaɗai, mutane na wucewa ta bayanta, ba ta raba komai da komai. Tun 2007 ganuwar Kano ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO domin a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya, amma abin da ya sa ta cancanci shiga jerin, wato kasancewarta zobe guda da ya kewaye birni, shi ne ke ƙarewa yanki bayan yanki.

Inda bincike ya kai a yau

Babbar tambayar da ke tsakiyar ilimin homotofi ana iya faɗinta a jimla ɗaya: ta hanya nawa ake iya naɗa ƙwallo a jikin wata ƙwallo? A matakin farko amsar a fili take. In za a naɗa zare a jikin zobe, ana iya kewayawa sau ɗaya, sau biyu, sau goma, ta dama ko ta hagu, don haka lambobin ƙirga sun wadatar. An daɗe ana zaton idan ƙwallon da ake naɗawa ta fi wadda ake naɗa wa yawan fuska, babu wani abin kirki da zai fito. A 1931 Heinz Hopf ya rushe wannan zato, ya gano hanyar naɗa ƙwallo mai fuska uku a jikin mai fuska biyu wadda ba ta kwantuwa. Daga baya Hans Freudenthal ya nuna a 1937 cewa in fuskoki suka yi yawa, amsar tana daidaita, ta dogara kawai ga ratar da ke tsakanin ƙwallayen biyu. In ratar ɗaya ce, hanyoyi biyu ne. In biyu ce, biyu ne. In uku ce, 24 ne. A rata ta huɗu da ta biyar babu komai sai hanya ɗaya maras ƙulli, ta shida biyu, ta bakwai kuma 240. Babu wanda ya san ƙa'idar da ke fitar da wannan jeri gaba ɗayansa. Daniel Isaksen, tare da Wang da Xu da muka ambata, sun kai lissafin zuwa wajen rata ta 90 a aikin da suka bayyana a 2020, bayan shekaru suna haɗa hujjar hannu da ƙarfin kwamfuta.

Waɗannan lambobi su ne ke mulkin siffofi masu yawan fuska. John Milnor ya gano a 1956 cewa ƙwallo mai fuska bakwai tana da 'yan'uwa da suka yi daidai da ita ta fuskar tofoloji amma suka saɓa mata wajen santsi, kuma shi da Michel Kervaire suka ƙirga su a 1963 suka sami 28. A cikin wannan aiki ne tambayar da muka buɗe da ita ta yi tsiro. Masana suna da wata dabara da suke kira tiyata: a yanke wani sashe na siffa, a ɗinke gurbin da wani sashe mai sauƙi, a yi ta maimaitawa har siffar ta koma ƙwallo. Akwai wata lamba mai sunan Kervaire, sifili ko ɗaya, wadda in ta zama ɗaya tiyatar ba za ta kai ga nasara ba. An san akwai irin waɗannan siffofi masu taurin kai a fuska 2 da 6 da 14 da 30 da 62. A 2009 Michael Hill da Michael Hopkins da Douglas Ravenel suka tabbatar cewa daga 254 zuwa sama babu su. Saura 126 kaɗai, ita ce Lin da Wang da Xu suka nuna cewa akwai su a cikinta, bayan kwamfuta ta taya su tankaɗe ɗimbin hanyoyin da lissafin ke iya bi.

Shekara guda kafin haka an yi wata girgizar. Kamar yadda hasken rana ke rabuwa launi-launi a bakan gizo, haka masana suka gano cewa jerin lambobin nan yana rabuwa hawa-hawa, kowane hawa da irin maimaicinsa. A 1984 Ravenel ya gabatar da wasu hasashe game da wannan tsari, kuma ba a jima ba aka tabbatar da kusan dukkansu. Ɗaya ya rage, wanda ake wa laƙabi da hasashen madubin hangen nesa, mai cewa hanyoyi biyu da ake bi wajen ware kowane hawa suna ba da abu ɗaya. A 2023 Robert Burklund da Jeremy Hahn da Ishan Levy da Tomer Schlank suka nuna cewa daga hawa na biyu zuwa sama hasashen ba gaskiya ba ne. Ma'anar haka ita ce duniyar ƙwallayen nan ta fi yadda aka zata cunkoso da ruɗani nesa ba kusa ba. Makamin da suka yi amfani da shi ana kiransa nazariyyar K ta aljabara, kuma a nan akwai hannun ɗan Nijeriya a tarihin fannin: marigayi Farfesa Aderemi Kuku na Jami'ar Ibadan, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Masana Lissafi ta Afirka daga 1986 zuwa 1995 kuma ya rasu a 2022, a kan wannan nazariyya ya ƙarar da rayuwarsa ta bincike.

Reshe na uku ya fito ne daga tsoron kuskure. Vladimir Voevodsky, ɗan Rasha da ya ci lambar Fields a 2002, ya ga yadda kurakurai ke kwana shekaru a cikin manyan maƙalu ba a gano su ba, saboda hujjojin sun yi tsawon da ɗan'adam ba ya iya bin diddiginsu. Sai ya juya ga gina sabon tushe ga lissafi, inda ake ɗaukar daidaito tsakanin abu biyu a matsayin hanya da ta haɗa su, kuma kwamfuta na iya tantance kowane mataki na hujja. Littafin farko na wannan tsari ya fito a 2013 daga cibiyar bincike ta Princeton a Amurka, kuma kyauta ake sauke shi a intanet.

Damina a cikin birni

Mu dawo gida. Duk wanda ya san tsohon birni ya san kududdufai, ramukan da aka haƙa shekaru aru-aru ana ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, suka zama matattarar ruwan sama. A yi tunanin ruwa yana hawa sannu a hankali a kan taswirar tudu da kwarin birnin, tun daga gindin Dala da Gwauron Dutse har zuwa kwarin Jakara. Da farko zai bayyana a wuri mafi zurfi, tafki ɗaya ya haihu. Yana ƙara hawa, wasu tafkuna su haihu a wasu ramuka. Can sai ruwan ya kai bakin wani tudu da ya raba tafki biyu, su haɗe su zama ɗaya. Masu lissafi suna da doka a nan wadda Bahaushe ba zai yi mata gardama ba: in biyu suka haɗu, babba ne ke riƙe suna, ƙarami ya shige cikinsa. Kowane rami ke nan yana da ranar haihuwa da ranar mutuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ma'aunin muhimmancinsa. Ɗan loƙo a bakin hanya yana haihuwa ya mutu nan take. Kududdufi na gaske yana daɗewa.

Wannan shi ake kira homoloji mai ɗorewa. Herbert Edelsbrunner da David Letscher da Afra Zomorodian ne suka tsara shi a farkon shekarun 2000, Gunnar Carlsson na Jami'ar Stanford ya taimaka wajen faɗaɗa shi da yaɗa shi. An kuma tabbatar cewa ƙaramin kuskure a awo ba ya haifar da babban kuskure a sakamako, abin da ya sa ake iya dogara da shi ko da bayanan ba su cika tsabta ba. Da shi ne masu binciken ƙwaƙwalwa a birnin Trondheim suka nuna a 2022 cewa motsin wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera, masu gaya masa inda yake, yana zana siffar gammo. Da shi kuma wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka binciko unguwannin da rumfunan zaɓe suka yi wa nisa a wasu biranen Amurka.

Lissafin nan yana fitar da wata bishiya da ke nuna wane kududdufi ke amayarwa cikin wanne, har ruwa ya isa Jakara. Wanda ya cike kududdufi ya gina shaguna a kansa ya sare reshe ɗaya daga bishiyar. Ruwan da ramin ke riƙewa bai san an sayar da filin ba, zai nemi wuri na gaba mafi ƙasa, wanda sau da yawa tsakar gidan wani ne mai ginin ƙasa. Ba ina cewa kowane kududdufi abin adanawa ba ne. Wasu sun zama juji da gidan sauro, kuma yara na nutsewa a cikinsu. Akwai waɗanda cike su alheri ne. Matsalar ita ce a san wanne ne wanne kafin tifa ta juye yashi, domin rami in an cike shi an yi bene a kai, ba a tono shi kuma.

Kano ta riga ta ga amfanin irin wannan tambaya a wani fagen. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna a shekarun 2010, an riƙa ba ma'aikatan rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, ana ɗora sawunsu a kan taswirar tauraron ɗan'adam domin a ga rugage da unguwannin da aka tsallake. Ba da homoloji aka yi aikin ba, amma tambayar ta tofoloji ce tsantsa: ina hudar take a cikin abin da muke zaton mun rufe? Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a 2014, kuma a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Irin wannan tambaya tana jiran a yi ta game da asibitocin sha-ka-tafi, da famfunan ruwa, da makarantun firamare, da lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Ƙorafin da ya cancanci amsa

Mai karatu na iya cewa: to, mun ji. A koya wa injiniyoyi da masu tsara birane amfani da manhajar, tunda irin su Ripser da GUDHI kyauta ne. Me ya kawo ƙwallo mai fuska 126 a jihar da yara ke zaune a ƙasa a aji? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma ba zan ce lissafi zai yashe magudanar ruwa ko ya hana mai takardar fili yin gini ba. Wannan aikin hukuma ne da masu unguwanni da kotu. Amma ina da amsa uku.

Ta farko, kayan aikin da ake da su ba su kai girman matsalarmu ba. Ambaliya ba ta dogara ga tudu da kwari kaɗai ba. Akwai yawan ruwan da ya sauka, da yadda ƙasa ke shanye shi, da yadda gine-gine ke ƙaruwa shekara bayan shekara. Da zarar ma'auni ya wuce ɗaya, kyakkyawan jerin haihuwa da mutuwa ɗin nan ya daina wadatarwa. Carlsson da Zomorodian sun tabbatar da haka tun 2009, kuma neman abin da zai maye gurbinsa yana cikin batutuwan da ake kan bincike a yanzu, da makaman aljabara masu zurfi. Wanda ya iya danna manhaja kawai zai karɓi duk abin da ta ba shi. Wanda ya san tushen ne zai gane lokacin da ta ɓata hanya.

Ta biyu, babu wanda ya iya hango wane sashe na lissafi ne zai yi amfani gobe. Tsakanin maƙalar Poincaré da manhajar da ke ƙirga ramuka a cikin bayanai akwai fiye da shekara ɗari. Lambar Nobel ta kimiyyar fiziks ta 2016 ta tafi ga David Thouless da Duncan Haldane da Michael Kosterlitz saboda sun yi amfani da tofoloji wajen bayyana wasu halaye na ma'adanai, kuma masanan da suka gina lissafin ba da ma'adanai a ransu suka gina shi ba. Al'ummar da ta ce sai ta ga 'ya'ya kafin ta dasa itace, a kasuwar wasu za ta riƙa sayen 'ya'yan har abada.

Ta uku, babu binciken da ya kai wannan araha. Ba ya bukatar ɗakin gwaji na biliyoyin naira. Allo ne da alli, da wutar lantarki, da intanet, da lokaci. Maƙalar Lin da abokansa da ta Burklund da abokansa duk suna kan rumbun arXiv, kowa na iya karantawa ba da ko sisi ba. Manhajojin tantance hujja kuma suna rage wata tsohuwar katanga, domin hujjar da kwamfuta ta amince da ita ba a tambayar daga wace jami'a ta fito. Abin da ke da tsada shi ne haƙuri. Tsarin ƙarin girma da ke ƙirga yawan maƙalu ba tare da duba nauyinsu ba yana hukunta duk malamin da ya zaɓi tambaya mai wuya, domin a wannan fanni maƙala ɗaya na iya cin shekara uku.

Kuma kada a ce wannan ba gadonmu ba ne. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin gina hatimi, wato jadawalin lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Dagin da maɗinka ke sakawa a babbar riga, magina ke zanawa a fuskar soro, a sigarsa mafi sauƙi zobe biyu ne da suka sarƙe juna ta yadda ba sa rabuwa sai an yanka ɗaya. Hannun Bakano ya daɗe da sanin abin da ilimin ƙulli ke rubutawa da alamomi.

Abin da za a iya yi

Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana kallon badala ne ido da ido, titi kawai ya raba su. Ba a bukatar sabuwar cibiya mai dogon suna da ginin gilashi. Ana bukatar mutum uku ko huɗu da za a ba guraben karatun digiri na uku a wuraren da fannin ke da ƙarfi, a kuma tanadar musu abin da zai sa su dawo su zauna: sassaucin nauyin koyarwa, da kuɗin halartar taro, da ma'aunin ƙarin girma da ke karanta aiki maimakon ƙirga shi. Asusun TETFund na da hurumin ɗaukar irin wannan nauyi, haka ma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, kuma attajiran Kano da ke gina azuzuwa da masallatai za su iya ɗaukar kujerar farfesa guda ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Sannan a ba su aikin gida. Bayanan tudu da kwari na tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta suna auna ƙasa ne a faɗin mita 30, wanda ya yi gwaɓi ga lungunan da babur biyu ba sa giftawa. Sai an tashi jirage marasa matuƙa an auna birnin dalla-dalla, sashen lissafi da na labarin ƙasa da masu ilimin ruwa su zauna tebur ɗaya, su fitar da bishiyar kududdufan da suka rage da taswirar abin da ya saura na ganuwa. A buga sakamakon da Hausa, a kai wa masu unguwanni da hukumar tsara birane. Daga ranar, duk wanda ya zo neman izinin cike rami ko yanka badala, akwai takardar da za ta nuna masa unguwar da ruwansa zai koma, kuma mutanen unguwar su ma za su iya karantawa.